Gurbin Ido Ba Ido Ba Ne: Sabon Katin Hoto a Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a sashen Hausa ya san irin kwamfutocin da muke aiki da su. Da yawa daga cikinsu 'yan gwanjo ne, sun gama hidima a ofisoshin Turai ko Amurka kafin a shigo da su ta Legas, su ratsa kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su ƙaraso shagunan Titin Beirut a Kano ko makamantansu a sauran garuruwa. Muddin aiki bai wuce buga takarda da tattara sakamakon jarrabawa ba, ba a jin kansu. To amma aikin manazarcin Hausa ya daɗe da wuce nan. Ɗalibin da a da yake dawowa daga filin bincike da kaset biyu da littafin rubutu, yanzu da bidiyo yake dawowa, wanda ya ɗauka da wayarsa a dandalin dambe ko wurin tashe. Mai nazarin rubutun ajami kuma da hotunan shafuka yake dawowa, kowane ɗaya da nauyinsa, domin sai an faɗaɗa hoto sosai kafin a rarrabe ɗigon tawada da kashin ƙuda. A nan tsofaffin injinanmu suke fara haki.

Dalilin hakin ba boyayye ba ne. Wayoyin zamani da dama suna adana bidiyo da tsarin matsewa da ake kira HEVC, wanda aka amince da shi a 2013 domin ya rage girman fayil zuwa kusan rabin abin da tsarin da ya gabace shi yake ci. Ragin nan yana da farashi, domin warware shi yana buƙatar lissafi mai yawa. Hoton 4K guda ɗaya yana ɗauke da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan takwas, kuma a kowace daƙiƙa ana son a nuna irinsa talatin. Kwamfutar da aka ƙera kafin 2013 ba ta da sashen da aka keɓe wa wannan aiki, sai dai ƙwaƙwalwarta ta ɗauki nauyin duka. Abin da mai kallo zai gani shi ne murya ta yi gaba, hoto yana biye da ita yana tuntuɓe.

Kwamfutar ofishina haihuwar 2012 ce, mai ƙwaƙwalwar Intel Core i5 ta zubi na uku, a cikin siririn akwati irin wanda ake kwantarwa a kan tebur. Na soma tunanin yi mata ƙari ne saboda wani ɗalibina da ke nazarin kirarin 'yan dambe. A kirari, kalma da motsin jiki tare suke tafiya. Inda ɗan dambe ya ɗaga hannu, da inda ya juya ya fuskanci makaɗi, da gaɓar da ya ja numfashi, duk suna cikin ma'anar abin da yake faɗa. Idan hoto ya makara da daƙiƙa biyu, mai nazari zai jingina motsi ga kalmar da ba tata ba, ya gina hujja a kan abin da bai faru ba. Sayen sabuwar kwamfuta ya fi ƙarfin aljihuna, jiran a saya wa sashe kuma ya fi ƙarfin wa'adin ɗalibin. Abin da ya rage shi ne a buɗe akwatin a ga ko akwai gurbin da zai karɓi katin hoto, wato allon nan na musamman da ke ɗauke wa ƙwaƙwalwa aikin zana abin da ido ke gani.

Gurbin yana da tarihinsa, kuma sanin tarihin shi ne kariyar farko ga mai saye. Tun a 1981, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur, ya bar wasu gurabe a kan babban allo domin mai ita ya ƙara abin da yake so daga baya. Wannan gurbi shi ne aka sani da ISA. A 1992 Intel ya gabatar da PCI, wanda a sigarsa da aka fi sani yake ɗaukar megabait 133 a daƙiƙa, kuma duk katunan da ke kansa rabon wannan hanya ɗaya suke yi. Da hotuna suka yi nauyi, aka ware wa katin hoto gurbinsa shi kaɗai, AGP, wanda ya shiga kasuwa a 1997. Shi ma ya fito a zubi uku, ƙarfin wutar saƙonsa ya sauko daga bolt 3.3 zuwa 1.5 zuwa 0.8, har ya kai ga ɗaukar kimanin megabait 2100 a daƙiƙa. Saboda bambancin wutar, maƙera suka riƙa sauya wurin da tsagar katin take, don kada wani ya cusa kati a gurbin da zai ƙona shi. Daga nan PCI Express ya zo a 2003, kuma har yau shi ake yayi. Waɗannan gurabe huɗu ba sa auratayya. Katin PCI Express ba ya shiga gurbin AGP, haka nan ba ya shiga tsohon PCI duk da kamancin sunansu. Wanda kwamfutarsa ta tsaya a AGP, maganar sabon kati ta ƙare masa tun daga nan.

Abin da ya burge ni game da PCI Express shi ne ladabin da aka gina shi a kai. Gurbin ya kasu layi-layi, akwai mai layi ɗaya, da mai huɗu, da mai takwas, da mai goma sha shida. Gajeren yana da haƙora 36, dogon kuma 164. Kowane zubi yana ninka gudun na baya, ko kusa da haka: megabait 250 a kowane layi a zubin 2003, sai 500 a na 2007, sai kusan 985 a na 2010, sai kusan 1970 a na 2017. Duk da haka siffar gurbin ba ta sauya ba. Idan aka kunna kwamfuta, kati da gurbi sukan fara da gaisawa a mafi ƙarancin gudu, kowa ya bayyana iyakar ƙarfinsa da yawan layukansa, sannan su daidaita a kan abin da dukansu za su iya. Sabon kati yakan rage tafiya ya jira tsohon gurbi, kamar yadda saurayi yake rage sauri in ya rako dattijo. Ƙungiyar PCI-SIG da ke kula da wannan ƙa'ida ta riƙe alkawarin nan fiye da shekara ashirin, kuma albarkacinsa ne mai kwamfutar gwanjo a Kano ko Zariya ko Maraɗi yake iya tunanin gyara maimakon zubarwa.

Da na buɗe akwatin na tarar da dogon gurbi mai layi goma sha shida, babu komai a cikinsa. Sai dai Bahaushe ya ce gurbin ido ba ido ba ne, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ya zauna daram kamar a nan ba. Samun gurbi sharaɗi ne ɗaya daga cikin sharuɗɗa da dama, sauran kuma ba a ganin su sai an bincika.

Na farkonsu girman jiki. Siririn akwati ba ya ɗaukar kati mai cikakken tsayi, sai gajere, wanda ake sayarwa tare da ɗan guntun ƙarfen baya da ake ɗaure shi da shi. Yawancin manyan katunan yau suna cin wurin gurbi biyu ko uku saboda kaurin fankokinsu, wasu kuma dogaye ne sosai. Awo da magwaji kafin a je kasuwa ya fi dogon ciniki amfani.

Na biyu wuta, kuma a nan ne hukunci ya fi tsanani. Dogon gurbi yana iya ba kati wat 75 daga jikinsa. Katin da ya fi haka ci yana buƙatar wayar kansa daga tukunyar wutar kwamfuta, mai baki shida da ke ƙara wat 75, ko mai baki takwas da ke ƙara 150. Tukunyar kwamfutata wat 240 ce, kuma ba ta da ko ɗaya daga cikin wayoyin nan, domin ba a yi ta don wannan ba. Saboda haka zaɓina ya taƙaita ga katunan da gurbi kaɗai zai ciyar. Biyu na sa a sikeli, dukansu na Nvidia. Akwai GTX 1050 Ti na 2016, mai ma'ajiyar gigabait huɗu, mai cin wat 75. Akwai kuma GT 1030 na 2017, mai gigabait biyu, mai cin wat 30. Raina ya fi kwantawa da na farko, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kaɗai tana iya kaiwa wat 77, ga faifan ajiya da fankoki da babban allo, ga shi maƙerin katin da kansa ya ba da shawarar tukunya mai wat 300. Tukunyar da ta haura shekara goma tana aiki ba ta da ƙarfin ƙuruciyarta, balle a zafin bazara, a kan wutar janareta da ke hawa da sauka. Idan ta ƙone tana iya tafiya da faifan ajiya, wanda a cikinsa akwai muryoyin mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Na zaɓi ƙaramin. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku shi ne ɗan shirin da ke tashin kwamfuta kafin komai ya buɗe. Tsofaffi suna amfani da BIOS, sababbi kuma UEFI, kuma shekarun 2011 da 2012 su ne lokacin da ake tsakiyar ƙaura daga wannan zuwa wancan. Wasu sababbin katunan ba sa nuna komai a kan tsohon BIOS, sai fanka ta yi ta juyawa fuska tana baƙi. Akwai kuma waɗanda za su tashi amma su kasa sakin jiki. Katunan Arc da Intel ya fitar a 2022 suna dogara da wata dama da sai sababbin alluna ke da ita, wadda ke ba ƙwaƙwalwa ikon ganin dukkan ma'ajiyar kati a lokaci guda. Katin RX 6500 XT na AMD, shi ma na 2022, layi huɗu kawai yake amfani da su, don haka a gurbin zubi na uku rabin hanyarsa yake samu, a na biyu kuma rubu'i. Darasin shi ne, sabunta ba ita ce ma'auni ba. Katin da ya girmi wani da shekara biyar yana iya fin sa dacewa da tsohon gida.

Na huɗu fuskar kallo. Tsofaffin fuskokinmu da shuɗin bakin nan na VGA suke aiki, wanda IBM ya fito da shi tun 1987, kuma saƙonsa ba na lambobi ba ne. Mafi yawan katunan da aka yi daga 2016 zuwa yau sun daina fitar da irin wannan saƙo, sai HDMI da DisplayPort da nau'in DVI na lambobi zalla. Ƙaramin mahaɗin da ake sayarwa da arha, wanda sauya siffar baki kawai yake yi, ba ya aiki a nan. Sai an nemi mai ɗan inji a ciki da ke fassara saƙon.

Akwai kuma tarkon suna a kasuwa. GT 1030 iri biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Na asali yana da ma'ajiyar GDDR5 mai ɗaukar kimanin gigabait 48 a daƙiƙa, sai kuma wanda ya biyo baya a 2018 da DDR4, wanda bai kai gigabait 17 ba. A ido ba su da bambanci, a farashi ma sau da yawa haka. Sai an karanta ƙananan haruffan da ke jikin kwali ko takardar da ke manne a bayan katin. Da na tambayi matashin da ke shagon wane iri ne nasa, sai ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe ka yi bincike kafin ka fito." Ya shiga ciki ya ɗauko wani daban da wanda ya fara miƙo mini, ya sa a kwamfutarsa ya nuna mini bayanin ma'ajiyar a fuska kafin mu yi ciniki.

Shi na ɗauko ya zo ya sa katin, domin hannun da ya saba ya fi na mai karatu natsuwa. Lokacin hunturu ne, iska a bushe, irin yanayin da jikin mutum ke tara wutar da kan yi tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, wadda kuma takan kashe ƙananan sassan lantarki ba tare da an ji ko an gani ba. Ya zare wayar bango, ya danna makunni don ragowar wuta ta fita, ya dafa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa komai. Ya busa ƙurar da ta cika gurbin, ya sauya dogon ƙarfen bayan katin da gajere, ya saita haƙoran da tsagar, ya danna a hankali har ɗan makullin da ke ƙarshen gurbin ya ce ƙyas. Sannan ya cire wayar fuska daga tsohon bakinta ya mayar da ita jikin katin, yana cewa, "Ranka ya daɗe, nan ne mutane da yawa suke mantawa, su ce kati bai yi ba." Aka kunna, rubutu ya bayyana manya-manya, muka sauke direban katin, wato manhajar da ke yi masa tafinta da sauran kwamfutar, aka sake kunnawa. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Bidiyon dambe ya tafi sumul, domin katin yana da sashen da aka gina musamman don warware HEVC. Ƙwaƙwalwar da a da take cika maƙil ta koma tana hutawa. Ɗalibina ya zauna makonni yana tsayar da hoto, yana komawa baya, yana rubuta kowane ɗango na kirari tare da motsin da ya raka shi. Daga baya na samo fuska mafi girma, shafukan ajami suka fito da wasullansu rangaɗau, har ana rarrabe jan tawada da baƙi a inda suka haɗu.

Wajibi ne kuma in faɗi inda ƙarin ya tsaya. Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022, mai mayar da magana rubutu, ta lissafa Hausa cikin harsunanta. Bisa bayanin masu ita, ƙaramin samfurinta yana buƙatar ma'ajiyar kati ta kimanin gigabait biyu, matsakaici biyar, babba kuma goma. Katina a bakin ƙofar ƙaramin ya tsaya, wanda na bari a kasuwa ma ba zai kai matsakaicin ba. Haka nan kati ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na uku. Wanda yake son ya ci gaba da irin wannan inji cikin aminci sai ya duba wajen Linux, ko ya raba shi da intanet ya bar shi wurin aikin bidiyo da hoto kawai. Abin da na saya ƙarin 'yan shekaru ne, kuma su nake buƙata.

Wannan ɗan aiki ya tuna mini da wata asara da mu manazarta Hausa muka sani a jikinmu. Kafin tsarin Unicode ya game ko'ina, kowane sashe da kowace maɗaba'a suna da nasu salon haruffa na musamman don rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Kowa ya ɗora harafi mai lanƙwasa a kan maɓallin da ya ga dama. Yau idan aka buɗe kundin digirin da aka buga a wancan zamani a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai a ga baka da alamomin lissafi a tsakiyar kalmomi. Masu PCI Express sun yarda tun farko a kan ƙa'ida ɗaya, suka kuma ɗaure wa kansu cewa sabo zai saurari tsoho, shi ya sa katin 2017 ya zauna a gurbin 2012 ba gardama. Mu ba mu yi irin wannan yarjejeniya da wuri ba, kuma har yanzu ana sake buga ayyukan da aka riga aka buga. Duk wanda ke shirin adana muryoyi da hotunan bincike a yau ya kamata ya tambayi kansa ko injin da za a yi nan da shekara ashirin zai iya buɗe abin da ya ajiye.

Saura batun suna, wanda shi ne ainihin sana'armu. A shago, masu gyara suna cewa madabod da firosesa da silot, kuma suna fahimtar juna sarai. A wannan rubutu na yi amfani da babban allo da ƙwaƙwalwa da gurbi da tukunyar wuta da katin hoto. Ba duka suka gamsar da ni daidai ba. Katin hoto yana iya rikicewa da katin shaida mai hoto, tukunyar wuta kuma tana iya kai tunani ga madafa. Gurbi kuwa na tsaya a kansa, domin kalmar tana ɗauke da ma'anar wurin da aka tanada don wani abu ya zauna a ciki, ko abin yana nan ko ba ya nan, kamar gurbin kaza da gurbin ido da gurbin aiki. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, hanyar da aka bi ita ce a saurari masu harshe a wuraren sana'arsu kafin a rubuta. Maƙera da majema da masaƙa duk an je an zauna da su. Masu gyaran kwamfuta da waya su ne maƙeran wannan zamani, kuma a bakinsu ake ta ƙera kalmomi kullum, wasu aro, wasu fassara, wasu kuma barkwanci da ya zauna ya zama suna. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tura ɗalibai su zauna a shagunan nan da na'urar ɗaukar magana, su tattaro abin da ake faɗa, a tace shi a tarukanmu na ƙara wa juna sani, kafin mu zauna a ofis mu ƙirƙiri kalmomin da mai shago ba zai gane su ba.